Yatsan da Gwaggo Ta Goge

Duk wanda ya zo duba Baba Direba, fuskarsa yake kallo: bakin da ya karkace, da idon da yake bin mutum har bakin ƙofa. Ni kuwa tun ina ƙarama ban iya kallon mutane a fuska ba, idona a kan hannuwa yake sauka. Ranar da ɗakin ya cika da 'yan dubiya, ina raɓe a gefen gado da tiren kofuna, sai na ga babban yatsansa na dama ya yi ja, yana sheƙi kamar an fere shi. Sauran yatsun lafiyarsu lau, har sun yi laushi irin na hannun da ya daina aiki. Wannan ɗaya ne kawai. Kuma hannun daman shi ne wanda ya mutu. Ba ya ko motsa shi, balle a ce ya kai shi ga wani abu mai zafi.

Na ɗaga kai muka haɗa ido da Gwaggo. Ta ja bargo ta rufe hannun.

Gwaggo yayar mahaifina ce. A gidanta na zauna duk shekarun da na yi a jami'a, a kan katifa a falo. Da na sami aiki na kama ɗaki a can wani gefen birni, amma kowane ƙarshen mako a wurinta nake kwana. Allah bai ba su haihuwa ba, ita da Direba. In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta nuna ni da leɓe ta ce, "Ga ta nan guda ɗaya, ita ma aro ce."

Wanki ne sana'arta. Tun tana budurwa take aiki a ƙasan wani babban otal, a wani ɗaki marar taga inda injuna suke ruri ba dare ba rana, mutum sai ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Ba ita take kula da injunan ba. Ita ce mai cire tabo. Duk zanen gado ko tawul ɗin da inji ya gaza a kansa, teburinta ake kai shi: jini, kofi, jan-baki, rinin gashi. Sai ta bi shi da bilic da ɗan buroshi. Ana ba su safar hannu ta roba, amma ita a aljihu take sa tata. "Tabo da yatsa ake jinsa," in ji ta, "ido ƙarya yake yi." Da tafiya ta yi tafiya, kan yatsunta suka zama sumul kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Allura takan kuɓuce mata. Ba ta iya buɗe bakin leda sai ta lasa yatsa. Mukan yi mata dariya, ita ma ta yi.

Gidan yana hawa na uku a wani tsohon bene: ɗaki biyu, ɗan falo, da baranda mai kallon bayan tashar bas. Sun daɗe suna biyansa kaɗan-kaɗan, shi daga tuƙi, ita daga wanki. Ranar da za a rubuta takardar mallaka, Gwaggo tana bakin aiki. Direba ya saci jiki lokacin hutun rana ya je ofishin filaye da gidaje. Aka ce in yana son a sa matarsa sai ya kawo takardar aure, ita kuwa tana gida a ƙasan akwati. Bas na jiransa. Ya ce a rubuta sunansa tukuna, sa dawo. Ba su taɓa komawa ba. Wa yake tuna ofis alhali mabuɗi yana aljihunsa?

Akwai mutum na uku a gidan kafin zuwana, wato Auta, ƙanin Direba. Yana ɗan makaranta aka kawo shi, kuma katifar da na gada tasa ce. Yanzu dillalin motoci ne, ya yi tumbi, yana da gidan kansa a bayan gari. Shi da Gwaggo ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Matar yaya, yaushe za ki saki tsohon nan ki dawo wurin sabon jini?"

"Sabon jinin da na sha wanke wa wando? Zauna ka ci abinci, marar kunya."

Wata safiya Direba ya faɗi a tasha yana duba taya. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi, sai guda ɗaya da ta maƙale masa daga shekarun tuƙi. In yana jin ƙishirwa, "A matsa ciki." In an gaishe shi, "A matsa ciki." Likita ya ce yana jin abin da ake faɗa, amma ba wanda zai iya cewa nawa yake ganewa.

Ba a jima ba Auta ya fara maganar sayar da gida. Kuma ba zan ce maganarsa babu gaskiya a ciki ba. Mutumin da ba ya tafiya, me yake yi a hawa na uku? Kowane zuwa asibiti sai an nemo ƙarti. A sayar, in ji shi, a nema masa magani mai kyau, shi zai ɗauki yayansa ya kai shi gidansa, ɗaki a ƙasa, ga iska ga fili.

"Ni kuma fa?" in ji Gwaggo.

"Ke ai kina da dangi, matar yaya." Ya yi dariya, kamar wasan da suka saba ne.

Bayan mako guda wasu mutum biyu suka zo da tef ɗin awo. Suka auna falo, suka auna baranda, ɗaya ya ƙwanƙwasa bango da mabuɗin mota yana saurare. Gwaggo tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ba wanda ya gaishe ta.

Duk wannan na san shi. Abin da ban sani ba shi ne zancen yatsa.

Washegarin ranar 'yan dubiya, gari ya waye ina kwance a falo, sai na ji wani sauti daga ɗakinsu, ƙurus-ƙurus, kamar ana kankare ƙasan tukunya a hankali. Warin bilic ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Na tashi na tura. Gwaggo tana durƙushe a gaban gado, ga ɗan kwano a kan kujera, ga dutsen goge kaushi a hannunta. Ta riƙe babban yatsan mijinta tana gogawa.

Na ce, "Gwaggo."

"Rufe ƙofar."

Na rufe.

"Ba ya jin zafi," ta ce, ba ta dube ni ba. "Na gwada da allura kafin in fara. Wannan hannun ba ya jin komai."

Sannan ta ba ni labari, muryarta ƙasa-ƙasa kamar bango yana da kunne. Wata rana ta dawo daga aiki ta tarar da shuɗiyar tawada a yatsan. Auta yana da mabuɗin gidan tun yana yaro. Ya shigo da takarda ya dangwala wa yayansa, wai ya ba shi wakilcin sayarwa. Allah ya sa ofis ya daina karɓar tawada. Ta ji shi da kunnenta a baranda yana ƙorafi a waya, cewa yanzu sai na'urar karanta zanen yatsa, kuma ya sa suna a layin marasa lafiya, za a turo ma'aikaci da na'urar har gida. Yaushe, ba wanda ya sani.

Wata mai guga a wurin aikinsu ta gaya mata cewa a dokar birnin nan, gidan da aka saya cikin aure na miji da mata ne, ko sunan wa ke kan takarda, ba a sayarwa sai da yardar matar. Amma sai in ofis ya san akwai mata. Gwaggo ta ciro takardar aure daga ƙasan akwati, ta tafi ita kaɗai ba ta gaya wa kowa ba. Ba ta iya rubutu ba, don haka a takardar yatsa ta dangwala tun ranar aurensu. Aka ce ta ɗora yatsan a na'ura a gani ko ita ce. Ta ɗora. Jan wuta. Ta ɗora na hagu. Jan wuta. Yaron da ke tagar ya ce, "Mama, na'ura ba ta gan ki ba." Mutanen layi suka fara tsaki. Ta naɗe takardarta ta fito da sauri, tana jin kamar za a kira mai gadi a ce ta zo da takardar wata.

"Ni ta ce ba ta gan ni ba," in ji Gwaggo. "To shi ma kada ta gan shi. Abin da ya cinye nawa zai cinye nasa."

"Gwaggo, in aka gane fa? Wannan ai..."

"Ai me? Faɗi mana, 'yar jami'a. In zauna a ɗauki hannunsa kamar cokali a sayar da ni da shi?"

Ta saki yatsan don ta share ido da bayan hannu. Hannun ya faɗi a kan katifa. Sai na ga Baba Direba ya miƙo hannun hagu, ya kamo na daman a wuya, ya ɗaga shi da ƙyar ya sa a cikin kwanon. Har yau ban san ko ya gane abin da ake yi ba ne, ko kuwa sabo ne kawai, yadda yake buɗe baki in ya ga cokali. Gwaggo ta ɗauka ya gane. Ni tsoro ya ƙara kama ni.

Na roƙe ta mu koma ofishin tare. Ta ƙi, ta ƙi, sannan ta yarda, da sharaɗin ni zan yi magana. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba.

Ofishin babban zaure ne mai dogayen bencina, da tagogin gilashi a jere, da allo mai kiran lamba. Fanka ɗaya ce take aiki, kowa yana neman ƙarƙashinta. Gwaggo ta sa kayanta mafi kyau, ta rungume ledar takardu a ƙirji. Duk lokacin da allon ya yi ƙara sai ta zabura. Lambarmu ta faɗa a tagar wata mata mai tabarau da igiya a wuya, tana cin gyaɗa daga cikin aljihun tebur.

Na yi bayani. Matar ta miƙo na'urar, 'yar ƙaramar aba mai gilashi kamar akwatin ashana. Gwaggo ta ɗora. Jan wuta. Mai tabarau ta kamo hannun ta juya shi.

"Wanki ko gini?"

"Wanki."

"Na sani. Ku da masu siminti kullum haka kuke ba mu wahala. Wannan ba zai dawo ba, Mama, ya tafi ke nan." Ta jefa gyaɗa a baki. "Maigidan yana raye?"

"Yana raye."

"To ai da sauƙi. Me ya sa ba a gaya miki ba? Nasa yatsan yana cikin na'urarmu tun da ya sabunta katinsa. Ki kawo shi ya dangwala, ya shaida ke ce matarsa, in sa ki a gidan. Ko shayinki ba zai huce ba."

Ban yarda na kalli Gwaggo ba.

"Da wane yatsa?" Gwaggo ta tambaya.

"Babba, na dama. Shi muke da shi."

Ban san yadda muka fito ba. A kan matakalar ofishin ta zauna, mutane suna kewaye ta. Ta buɗe tafin hannunta tana kallo.

"Garin neman gira," ta ce, ba ta ƙarasa ba. Can kuma ta ce, "Ni na daɓa wa cikina wuƙa. Da hannuna. Kullum da safe, kamar mai ba da magani."

Muka biya ta kantin magani. Na ce wa mai kantin wani tsoho ne ya goge yatsa a wurin aiki. Ya ce in ciwon bai yi zurfi ba zanen yatsan yakan dawo yadda yake, sai dai a yi haƙuri, a shafa basilin a rufe, kada ruwa ya taɓa. Na koma ofis na tambaya ko mu ma za a turo mana ma'aikaci gida. Aka ce layin yana da tsawo, wanda ya riga sa suna shi za a fara zuwa wa.

Daga nan zaman jira ya fara, kuma ban taɓa ganin jira mai cin rai irinsa ba. Abu ɗaya Gwaggo take roƙo, shi kuma take tsoro. In zanen ya dawo, wanda ya riga kai yatsan ga na'ura shi ya ci. Ta ɗauki hutu a wurin aiki, abin da ba ta taɓa yi ba ko da zazzaɓi. Ta riƙa barin mabuɗinta a cikin kuba daga ciki don na Auta ya kasa shiga. Kowace safiya sai ta kwance bandejin, ta kai hannun saitin hasken taga, ta kira ni a waya.

"Akwai wani abu kamar zare-zare a gefe. Tsakiyar dai har yanzu kamar gwiwar jariri."

Benen namu kowane taku ana jinsa tun daga ƙasa. Ta koyi takun kowa: na mai gyaran famfo da ke hawa na ɗaya, mai jan ƙafa, da na 'yan makarantar sama masu tsallake matakala. In ta ji baƙon taku sai ta tsaya cak da abin da ke hannunta har ya wuce. Ta rame. Ta daina kunna rediyo don kada ya rufe mata kunne. Wata rana mai karanta mita ya ƙwanƙwasa, ta shige banɗaki ta rufe kanta, ta bar shinkafa ta ƙone.

Ranar da suka zo ina nan. Taku uku ne, ɗaya da takalmi mai ƙara. Mabuɗi ya yi ta ƙoƙari a kuba ya kasa.

"Matar yaya, buɗe mana. Ko kin ɓoye wani ne a ciki?"

Gwaggo ta dube ni. Sai muryar wani ta ce daga ofishin filaye yake, an aiko shi. Wannan kalma ta ofis ita ta buɗe ƙofar, don Gwaggo ba ta iya ƙin hukuma.

Ma'aikacin saurayi ne da jaka a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na ukun ɗaya ne daga cikin masu awo. Na tattara duk ƙarfin halina na ce wa saurayin ga matar mai gidan nan, ko zai sa ta a takarda tun da ya zo. Ya duba wayarsa ya ce shi wakilcin sayarwa kawai aka ba shi, wancan aikin wata taga ce.

Ya zauna a bakin gado ya ciro na'ura. "A cire wannan ƙyallen."

Auta ne ya kwance bandejin. Saurayin ya goge basilin ɗin da auduga, ya ɗora yatsan. Jan wuta. Ya gyara shi ya danna. Jan wuta. A karo na gaba na'urar ta yi shiru, ba ja ba kore, wani ɗan haske yana zagayawa. Na ji farcen Gwaggo ya shiga damtsena. Baba Direba yana kallon rufi. Hasken ya zagaya, ya zagaya.

Ja.

"Saura kaɗan," in ji saurayin yana mayar da ita jaka. "Ta fara kamawa. Ku bar shi ya ƙara warkewa, sai a sake sa rana."

Auta bai saki hannun ba. Ya juya yatsan saitin taga ya daɗe yana kallo. Sannan ya taso ya kamo hannun Gwaggo, ya buɗe shi, ya kalli nata. A gidan nan ya girma, ya san abin da yake mayar da fata haka.

"Ke," ya ce. Tun da nake ban taɓa jin ya kira ta haka ba. "Ke kika yi masa wannan?"

Ta zare hannunta.

"Mutumin da ba ya iya cewa wayyo?" Idonsa ya kawo ruwa, kuma na gaske ne. "Ƙarshen makon nan zan zo da mota in ɗauki ɗan'uwana. In kin tare ƙofa, hukuma za ta ji yadda ake jiƙa marar lafiya a bilic. Sai ki yi musu bayani."

"A matsa ciki," in ji Baba Direba daga kan gado. Ba wanda ya yi dariya.

Bayan sun tafi Gwaggo ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofa. In Auta ya tafi da shi, yatsan zai ƙarasa warkewa a gidan Auta. Ga kuma maganar hukuma. Ta tambaye ni ko ana ɗaure tsofaffi. Na ce ban sani ba, don ban sani ba.

Muka bari har ana gobe zai zo, don fatar ta sami duk abin da za ta iya samu. Da safe na sauka na roƙi mai gyaran famfo da mai gadin bene. Suka ɗora Baba Direba a kujerar roba, suka ɗaure shi da zane a ƙirji, suka fara sauka, ɗaya a gaba ɗaya a baya.

"Direba, kai da ka ɗauki duniya, yau mu ne motarka," in ji mai famfo yana haki. "Kuma ba ma ba da canji."

"A matsa ciki."

"Ina za mu matsa, bango ne! Kai mai gadi, riƙe da kyau, fasinjan nan ya fi ƙarfin tayarka."

Gwaggo tana biye, ta riƙe hannun daman a sama kamar mai ɗauke da ƙwai. A kowane hawa sai ta leƙa ta tagar matakala tana neman motar Auta. A cikin tasi ma ba ta daina waiwaye ba. Wata mota mai launin tasa ta bi mu har mahaɗar hanya, ta sunkuyar da kai ƙasa sai da ta wuce.

A ofis mai gadinsu ya ara mana keken guragu. Na tsaya ina addu'a lambarmu ta faɗa a tagar mai tabarau, ba ta faɗa ba, sai da na bar wani tsoho ya shiga gabanmu muka yi musayar lamba. Ta gane mu.

"Mai wanki! Kin kawo angon?"

Ta fito da na'urar ta ƙasan gilashi, da doguwar wayarta. Gwaggo ta kwance bandejin. Fatar ta yi sabuwa, zanen ya fito siriri kamar sawun tsutsa a yashi. Mai tabarau ta ɗaga gira.

"Shi ma wankin yake yi?"

Ta dube mu ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta ce, "Ɗora."

Ja.

Ta sake. Ja. Bayanmu wani ya ce a yi sauri mana, mutane suna da abin yi.

"Ya bushe da yawa," in ji mai tabarau. "Ku goga shi a goshi, maiƙon yana taimakawa."

Goshin Baba Direba a bushe yake kamar takarda. Na Gwaggo kuwa gumi ne yake tsattsafowa. Ta durƙusa a gaban keken, ta kamo yatsan ta goga a nata goshin, ta ɗora shi a gilashin, ta danne da yatsunta biyu. Hasken ya fara zagayawa. Ta rufe ido.

Na'urar ta yi ɗan ƙara. Kore. A allon matar hoton Baba Direba ya fito, da cikakken kumatu, bakinsa a daidai.

"Saura abu ɗaya," in ji mai tabarau. "Sai na tabbatar ya san abin da yake yi." Ta matso da baki kusa da gilashi. "Baba, wace ce wannan da ta durƙusa?"

"A matsa ciki."

Ta ajiye biro. Na ce mata magana ce ta tafi, amma yana ji. Ta juya igiyar tabarau a yatsa. Sai ta nuna ni.

"Baba, wannan yarinyar ce matarka?"

Ya juyo da idonsa a kaina. Rabin fuskarsa mai rai ya yamutse kamar an ba shi magani mai ɗaci, ya girgiza kai har keken ya motsa. Wani a layi ya fashe da dariya. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

"To wannan fa?"

Ya miƙa hannun hagu ya dafa kan Gwaggo, ya gyaɗa kai. Bai ɗauke hannun ba har matar ta gama bugawa.

"Na sa ki," ta ce. "Daga yau ba mai sayar da gidan nan sai da ke. Amma ki sani, dangi suna iya kai ƙara su ce hankalinsa bai cika ba. In sun kai, za a kira likita, za a kira ku."

"Ƙaninsa zai zo gobe ya ɗauke shi," in ji Gwaggo. Karon farko ke nan da ta yi magana tun shigarmu ofishin a ranar. "In ya zo fa?"

"Wannan ba tagata ba ce, Mama. Ni gida na sani." Ta danna lamba ta gaba.

Da muka koma, mai famfo da mai gadi suka hau da shi, wannan karon ba wasa, hawa ya fi sauka wuya. Suka kwantar da shi ya yi barci nan take, da takalmi a ƙafa ɗaya. Gwaggo ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana kallon bango. Na ɗauka kuka za ta yi, ko ta fara tambayata abin da za ta ce wa Auta. Wata mota ta tsaya a ƙasa, muka yi tsit mu biyu har muka ji an buɗe ƙofar hawa na biyu.

Sai ta leƙa matakala ta kira mai famfo kafin ya kai ƙasa, ta ce ya ara mata guduma. Igiyar gidan sauro ta tsinke daga gefe ɗaya, yana ta zubo wa Direba a fuska. Ta nemo ƙusa a cikin gwangwanin maɓallai, ta hau kujera, ta ce in riƙe mata ƙafar kujerar. Ƙusar ta kuɓuce mata sau biyu. Ta lasa yatsa, ta kama ta da kyau, ta kafa ta a bango.